Ranar da Na Ɗaga wa Baba Murya a Bayan Tirela

Ni ce 'yar fari a gidanmu, Babana kuwa mutumin da ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son ruwa, ko da ni ce a jikin firij, sai ya dubi Umma ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta miƙo ruwa." Umma ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba. In ina da amsa, ni ma Umma nake gaya wa, ita ta isar. Ɗaki biyu da falo ne gidan namu a unguwar Shumaisi ta Riyad, amma magana tsakanina da Baba sai ta yi zagaye kafin ta isa.

A al'ada uwa ta fi uba kunyar ɗan fari. Umma dai ta daɗe da ajiye tata. Ta ce a Kano akwai kaka da goggo da za su karɓi yaro su raine shi, a Riyad kuwa in ita ma ta yi shiru, sai dai bango ya yi mini magana. Baba bai ajiye tasa ba, ni kuma ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Nakan tashi da safe in tarar da sabon littafin waƙoƙin Larabci a kan firij, cikin ledar wani shago na Batha. Ba wanda zai ce ga mai shi, kowa kuma ya san mai karanta irinsa a gidan. Ƙawayena na makaranta, iyayensu maza kan sumbaci goshinsu a bakin ƙofa. Ni rabona a kan firij yake, kuma ya ishe ni.

Baba direba ne a wajen wani ɗan kasuwa. Shi ne kafilinsa, wato iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar, da sunansa take rataye. Kafilin mutum ne mai son daji. Da zarar sanyi ya shigo aka ɗan yi ruwa, sai ya kafa sansani a Sumama, arewa da gari, iyalinsa da baƙinsa su riƙa fita ƙarshen mako su kwana a rairayi suna shan gahawa. Yana da karafan, mota mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Sai dai karafan ba ta da wurin tankin ruwa da janareta da tantuna da itace. Don haka wata shekara ya sa aka ƙera masa tirelar da za a riƙa ɗaurawa a bayanta.

Wanda ya ƙera ta aminin Baba ne, mutumin Damagaram, mai walda a Sulai. Kawu muke ce masa. Duk Juma'a a gidanmu yake cin abincin rana, ni kuma daga bayan labule nake jin hirarsu.

"Na ce wa kafilinka ya bari in yi masa mai ƙafa biyu, ya ƙi," in ji Kawu. "Kai ka zuga shi, na sani."

Baba ya ce, "Mai ƙafa biyu ai a gindin mota take ɗora nauyinta. Ka cika tankin nan ka gani, bayan karafan ya zauna ƙasa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunka. Wannan kuwa ƙafarta huɗu, kayanta a kanta. Ja kawai take so."

"To, mai ƙafa huɗu. Ka ɗan taka mai da ita a kan titi ka ga rawa. Ranar da ka sa ribas kuwa, ka kira ni in zo in yi dariya."

"Ni da na ja tirelar siminti kana wasan ƙasa?"

"Waccan gaɓa ɗaya gare ta, Malam. Wannan biyu. Ka taɓa sa akuya ta yi tafiya da baya?"

Suka yi dariya, Kawu ya nemi ƙarin yaji. Ni kuwa tun ban ga tirelar ba na ji ina son ta. Abin da yake tsaye da ƙafafunsa, yana bin wani ba tare da ya jingina da shi ba. Har na rubuta baiti biyu a kanta da Larabci, waɗanda na gode wa Allah sun ɓace.

A shekarar ne aka mayar da ƙanina Kano karatu. Shi ne ɗan rakiyar Baba, shi ne wanda Baba yake kiran sunansa sau goma kafin a yi sallar azahar. Da ya tafi, gidan ya yi shiru ta ɓangare guda. Wata Alhamis kafili ya ce Baba ya kai karafan da kaya sansani da safe, shi da baƙinsa da masu kafa tanti za su biyo baya bayan la'asar. Ya ƙara da cewa in Baba yana so ya ɗauki iyalinsa su sha iska. Ba a taɓa yi mana wannan tayin ba. Umma ta soya nama tun da asuba.

Na zaɓi gadon baya, inda akwai taga mai kallon tirela. Daga nan na ƙare mata kallo. Wani dogon ƙarfe mai kama da gwafa ne ya haɗa ta da ƙugiyar karafan. Ƙafafunta na gaba suna kan wani faifai mai juyawa, duk inda gwafar ta nufa can suke nufa, na baya kuma su biyo. A cikin gari ta yi ladabi. A kwana takan bi sawunmu kamar ta haddace shi.

Da muka hau babban titi Baba ya ɗan ƙara gudu, sai na ga abin da Kawu ya faɗa. Ta fara da kaɗa kai kaɗan, dama da hagu. Ruwan tanki ya amsa mata, ina jin sa yana dukan ƙarfe ta ciki. Kaɗawar ta sauka har ƙafafun baya, tantunan da aka ɗaure suka shiga rangaji. Karafan kanta ba ta girgiza sosai ba, wannan gaskiyar Baba ce, amma abin da ke bayanmu ya fita daga layi. Baba bai taka birki ba, ƙafa kawai ya ɗage daga mai, a hankali ta nutsu. Daga nan muka koma gefen dama muna rarrafe, manyan motoci suna wuce mu da hon.

"Malam, ko mu sauka mu tura?" in ji Umma.

"Ki ci namanki, Hajiya."

Muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙasa. An yi ruwa a makon, rairayin ya yi ja sosai, wasu ƙananan furanni sun fito kamar an yayyafa su. Na manta da tirela ina kallonsu. Muka wuce wata farar ƙaya da ke tsaye ita kaɗai a fili, daga nan hanya ta tsuke. A hagu wayar ƙaya ce ta garken raƙuman wani, a dama kwazazzabo mai zurfi. Muka yi tafiya a haka mai ɗan nisa, sai karafan ta tsaya.

Ruwa ya cinye hanyar. Inda Baba ya saba wucewa bara, yanzu rami ne da ya haɗe da kwazazzabon. Babu gaba, babu wurin juyawa. Baba ya sauka ya zagaya, ya dawo ya tsaya yana kallon tankin. A kwance tirelar a juya ta da hannu ba zai yiwu ba, sai an zubar da ruwan, kuma sansani ba ruwa ba sansani ba ne. A kira kafili kuwa, a ce masa me? Direban da ya dage a ƙera mai ƙafa huɗu ya kasa fitar da ita? Abin da ya rage shi ne ribas, har farar ƙayar nan.

Ya gwada shi kaɗai. Bai yi nisa ba gwafar ta lanƙwashe gefe guda, gindin tirela ya nufi ɗaya gefen. Ya ja gaba ya miƙe ta, ya sake, ta sake. Karafan ta fi tirela faɗi, don haka a madubi ba ya ganin ƙafafun gaba sai sun riga sun karkace. Dole wani ya tsaya a baya ya riƙa faɗa masa. Umma gwiwa ta daɗe da hana ta tafiya a kan tsakuwa, balle da baya-baya. Ƙanina yana Kano.

Baba ya yi gyaran murya. "A ce wa yarinyar nan ta sauka ta tsaya a baya. In ƙafar gaba ta karkata wajen waya ta faɗa, in wajen rami ta faɗa."

"Kin ji," in ji Umma.

Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya, haka kawai muka jera kamar yadda muke a gida. Ni a baya kusa da tirela, Umma tsaye daura da tsakiyar karafan ta dafa sandar wayar ƙaya, Baba a sitiyari. Mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba a lokacin, ni ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. Na gyara abaya na zuba wa faifan ido.

Mota ta motsa. Ƙafafun suka fara juyawa wajen kwazazzabo.

"Umma," na ce, "a gaya wa Baba kamar tana ɗan karkata wajen rami."

"Me kika ce?"

Na maimaita.

"Malam, wai kamar tana ɗan karkata wajen rami."

Kafin maganar ta isa tagar direba, gwafar ta riga ta ninke har tana neman taɓa fitilar baya. Baba ya ja gaba. Muka sake. Wannan karon wajen waya ta nufa, saƙona ya isa bayan ƙayar wayar ta yagi gefen wani tanti. A karo na gaba saƙon ya isa daidai lokacin da ƙafafun suka riga suka koma ɗaya gefen, Baba ya juya sitiyari bisa tsohon labari, abin ya ƙara lalacewa. Raƙuma suka taru a jikin waya suna tauna suna kallonmu.

Ana cikin haka wata a-kori-kura ta tsaya a ƙetaren kwazazzabo, samari biyu suka fito suka zauna a kan bonet. Ba su da hanyar tsallakowa, kuma ban ga alamar suna neman ta ba. Ɗaya yana ihu da Larabci a yi dama, ɗayan yana ihu a yi hagu, suna dariya. Sai ɗaya ya ɗaga wayar salula ya saita mu. Umma ta juya ta tambaye su da Larabcinta na kasuwa ko ba su da uwa a gida. Ya sauke wayar, amma ba su tafi ba.

Muryata, wadda dama ba ta da yawa, ta ƙara shigewa ciki.

Baba ya sake sa ribas. Na ga ƙafar baya ta dama tana matsawa bakin rami, na ga ƙasa ta fara zubewa daga ƙarƙashinta. Na buɗe baki. Kalmar da ake bukata guda ɗaya ce, na san ta, amma umarni ce, kuma Baba za a ba. Na tsaya ina neman yadda zan lulluɓe ta. Umma ce ta ga fuskata ta doki jikin karafan da tafin hannu. Mota ta tsaya. Rabin tayar yana kan ƙasa, rabi yana kan iska, ruwan tanki yana ta kai da komowa kamar yana shawarar inda zai faɗa.

Baba ya ja gaba kaɗan har tayar ta dawo, ya kashe mota ya sauko. Ya ce Umma ta shiga ciki ta zauna. Ya taho baya, ya wuce ni, ya tsuguna a gaban tayar yana taɓa ta kamar mai duba iska. Ya daɗe a haka. Ina ganin ƙeyarsa, da furfurar da ban san ta yi yawa haka ba.

"Ke," ya ce.

Na waiga in ga ko Umma ta fito. Ba kowa.

"Ke nake wa magana." Tayar yake kallo. "Da idonki nake tuƙi yanzu. Abin da kika gani ki jefo mini kai tsaye. Waya, rami, tsaya. Kalma uku ne. Ban da gaisuwa."

"Baba, ni ba zan iya..."

"Kin taɓa jin yaran mota a tasha? To haka." Ya goge hannu a jikin rigarsa. "In ta faɗa ramin nan, ba ita kaɗai za ta faɗa ba. Da iƙamarmu za ta tafi."

Ya miƙe ya koma bai dube ni ba. Shekara goma sha bakwai ina tunanin yadda maganarsa ta farko gare ni za ta kasance. Ban taɓa kawo yaran mota a ciki ba.

Inji ya tashi. Ƙafafun suka juya.

"Rami," na ce. Ko raƙuman ba su ji ba.

Daga tagar direba hannunsa ya fito, ya ɗaga tafin sama sau biyu.

"Rami!"

Ban san muryar ba. Kaifi gare ta, ta tsage a tsakiya kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Amma ƙafafun suka dakata, suka dawo layi. Muka matsa kaɗan. "Waya!" Suka dawo. "Tsaya!" Karafan, da girmanta da nauyinta, ta tsaya cak. Wannan ne ya fi ba ni kunya a ranar, ba samarin ba, ba muryar ba. Na ce wa Babana ya tsaya, ya tsaya.

Ba a miƙe muka koma ba. Tirela mai gaɓa biyu ba ta yarda da doguwar ribas. Sai a ja baya kamar tsawon tabarma, ta fara taurin kai, a ja gaba a miƙe ta, a sake. Na fara gane ta. Kafin ƙafafun su juya, gwafar takan ɗan karkata tukuna, in na yi ihu a lokacin, Baba yana da sararin gyarawa. Na daina kallon komai sai wannan ƙarfen. Ƙura ta shiga maƙogwarona. Mayafina ya zame na gyara da hannu ɗaya ban daina ihu ba.

Wani wuri hanyar ta ƙara tsukewa. Na ce tsaya, bai ji ba, ko kuwa yana ganin akwai sauran wuri.

"Na ce tsaya!"

Ya tsaya. Kalmomin suka rataya a iska. A ƙetaren kwazazzabo samarin suka kama su, suna maimaitawa da bakinsu da bai iya Hausa ba, "Saya! Saya!" suna tafi. Na ji da ƙasa za ta tsage a ƙarƙashina maimakon ƙarƙashin tayar, da na gode mata. Daga cikin karafan na jiyo wani sauti da na san Umma ce take danne dariya da gyale. Daga tagar direba ba abin da ya fito sai hannun nan, ya yi mini alamar mu ci gaba.

Rana ta karkata kafin inuwar farar ƙaya ta taɓa tirela. A filin Baba ya yi kwana mai faɗi, tirelar ta bi shi da ladabinta na safe kamar ba ita ba. Ban san lokacin da samarin suka tafi ba. Na shiga karafan ta ƙofar gefe, na wuce gadon baya na kifa fuska a matashi. Muka zagaya ta wata hanyar muka isa sansani ba kowa tukuna. Tanki cike, janareta lafiya, tanti ɗaya da 'yar yagewa wadda Umma ta ɗinke kafin baƙi su iso.

Ina kwance na ji ƙarar cokali a kofi. Baba ne yake haɗa shayi a kicin ɗin karafan, abin da ban taɓa ganin ya yi a gida ba. Ƙamshin citta ya iso inda nake.

"A ce wa yarinyar nan ta sha da zafinsa," ya ce. "Muryarta ta dishe."

"Haba Malam," in ji Umma, "ai yanzu kun saba. Gaya mata da kanka mana."

Na ji ya buɗe ƙofa ya fita, can na hango shi ta taga yana zagaya tirela yana dukan tayoyin da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tayoyin da ba abin da ya same su. Umma ta kawo mini kofin. Ban iya dubanta ba ita ma.

Kwanaki na yi ina kauce masa a gida. In na ji motsin makullinsa sai in shige ɗaki. Shi ma, ina jin, ya riƙa daɗewa a masallaci fiye da yadda ya saba.

Ranar Juma'a Kawu ya zo cin abinci. Na kawo tire har bakin labule ina jiran Umma ta karɓa.

"To, mai ƙafa huɗu," in ji Kawu, "ka sa ribas?"

"Na sa."

"Ba ka kira ni ba."

"Ba a kai ga dariya ba."

"Ƙarya kake, Malam. Kai kaɗai ba za ka iya ba. Wa ya tsaya maka a baya?"

Uba ba ya yabon ɗan fari, balle a gaban baƙo. Na ji Baba yana juya cokali a kwano.

"An samu wanda ya tsaya," ya ce.

"Mai murya ne dai?"

"Mai murya ne."

Na ajiye tiren a ƙasa, miya ta ɗan zube a gefe, na koma ɗaki na rufe ƙofa.